Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin tashoshin sauke kifi: ku fito da sikeli fili

Zuwa ga shugabannin tashoshin sauke kifi da jami'an hukumomin kamun kifi,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na yi shekaru ina cin abinci a bakin tasha. Da farko ina cikin 'yan dakon da ke sauka cikin jirgi su fito da akwatunan kifi, daga baya aka miƙo mini littafi da alƙalami, na koma mai rubuta abin da sikeli ya nuna. Na ɗauki kifin nan a kafaɗa, na kuma rubuta nauyinsa da hannuna, kuma sau da yawa abin da kafaɗa ta ji da abin da hannu ya rubuta ba su zo ɗaya ba. A kan wannan saɓanin nake rubuto muku.

Da yawanku da rana kuka san tasha, bayan an wanke dandamali an kwashe kaya, ba abin da ya rage sai ƙarni da tsuntsaye. Aikin kuwa tun kafin asuba ake yin sa. Jirgi ya shigo, a jefa igiya a ɗaure, a buɗe murfin rumbun da ke ƙasansa. Mutum uku ko huɗu su sauka cikin sanyi da santsi, su riƙa jera akwatuna a kan katako, ƙugiya ta ɗaga ta juya ta dire a dandamali, motar ɗaga kaya ta kwasa ta kai gaban sikeli. In manyan jirage ne masu kamun kifin makarel ko herin, ba ma maganar akwati. Bututu ake zurawa cikin tankin ruwan sanyi, famfo ya zuƙo kifi da ruwa tare, a tsane ruwan, kifin ya bi ta kan bel mai awo, yana wucewa na'ura na lissafi. Ko ta wace hanya aka bi, wahalar kwana goma ko ashirin a teku tana ƙarewa ne a kan lamba guda da za a rubuta cikin 'yan daƙiƙu. Kuma a tashoshi da yawa mutum biyu ne kaɗai ke ganin lambar a lokacin da ta fito, mai saye da wanda mai saye yake biya.

Ranku ya daɗe, lambar nan mutane da yawa ne ke rataye da ita. Ma'aikatan jiragen kamun kifi a sassan duniya da dama ba albashin wata suke karɓa ba, kaso ake ba su. A sayar da kifi, a cire kuɗin mai da ƙanƙara da abinci, mai jirgi ya ɗauki nasa, abin da ya rage a raba tsakanin kyaftin da injiniya da sauran yara, kowa gwargwadon matsayinsa. Kuɗin mai ba ya raguwa don an rage kilo a takarda. Duk ragin a kan abin rabawa yake sauka, don haka kilo ɗaya da ya ɓata a bakin sikeli ya fi kilo ɗaya ciwo ga yaron da ya kwana yana jan raga. Mu 'yan dako ma, inda ake biya a kan tan, da lambar nan ake lissafa mana gumi. Ita ce kuke cirewa daga kason da kuka ƙayyade wa jirgi na shekara. Ita ce kuma masana ke tattarawa su ƙiyasta kifin da ya rage a teku, su ba ku shawarar nawa za a kama baɗi. In ta fito a karkace daga bakin tasha, duk abin da aka ɗora a kanta a karkace zai tsaya, ko da masu ɗorawar tsarkaka ne.

Ba kasafai ake cutar masunta da sungumar akwati a ruga ba. Ragi ake yi, kuma kowane ragi da sunansa mai daɗin ji. Akwai nauyin akwati: an shigar da shi cikin sikeli tun shekarar da aka sayo akwatunan, an canja su zuwa marasa nauyi, amma tsohuwar lambar tana nan ana cirewa. Akwai cike lamba: sikeli ya nuna 41.8, a rubuta 41, kuma ban taɓa ganin ranar da 41.2 ta zama 42 ba. Akwai akwatin da aka yi wa suna, a ce wannan akwatin kilo 40 ne, a daina auna shi gaba ɗaya, a riƙa ƙirgawa kawai, alhali kowa ya san yara a teku cika shi suke yi ya haura saboda tsoron kada a ce ya gaza. Akwai rarraba kifi aji-aji bisa girma, inda kifin da ke kan iyaka kullum ƙaramin aji yake faɗawa a wajen saye, ya koma babban aji a wajen sayarwa.

Amma uwar su duka ita ce ƙanƙara, kuma a nan nake roƙon ku tsaya da ni kaɗan.

Kifi ba ya zuwa tasha tsirara. A cikin ƙanƙara yake kwance, ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara a sama. Abin da sikeli ke gani nauyinsu ne tare. Ba wanda zai san nawa ne kifi nawa ne ƙanƙara sai an juye akwatin, an ware, an bar ruwa ya tsane, an sake aunawa. Tun da ba a yi wa kowane akwati haka, sai a yanke wani kaso a ce shi ne na ƙanƙara, a cire. Yawan ƙanƙarar kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kifin da aka kama ranar farko ƙanƙararsa ta narke da yawa, wanda aka kama jiya tasa tana nan cike, lokacin zafi daban, lokacin sanyi daban, hannun wannan yaron ya fi na wancan nauyi wajen zubawa. Abu ne da sai an auna, amma a wurare da yawa da ido ake yanke shi, kuma idon mai saye ne.

Ku ɗauki lissafi mai sauƙi. Jirgi ya sauke akwati 500, kowanne kilo 50 na kifi da ƙanƙara bayan an cire nauyin akwati. Tan 25 kenan. A ce ainihin ƙanƙarar kashi 12 cikin ɗari ce, aka rubuta kashi 18. Bambancin kashi 6 ne, wanda in aka faɗe shi da baki ba ya ɗaga wa kowa hankali. A kan tan 25 kuwa kilo 1,500 ne, tan ɗaya da rabi a sauka guda. Kifin nan bai narke ba. Za a feɗe shi, a sa shi a kwali, a sayar. Abin da kawai ya faru shi ne bai shiga rabon yaran jirgi ba, bai fita daga kason jirgin ba, masana kuma suna can suna ƙirga shi cikin masu rai a teku.

Za ku ce ai mai jirgi ba zai yarda a cuce shi ba. Wani lokaci haka ne. Amma ku tuna a wurare da yawa mai jirgi da mai masana'antar sarrafa kifi kamfani ɗaya ne, ko kuma sun daɗe da fahimtar juna. Mai jirgi ya ci riba domin kasonsa bai ƙare da wuri ba, zai sake komawa teku. Mai masana'anta ya ci riba domin ya sami kifin da ba ya cikin takarda. Wanda ya yi asara shi ne wanda ba a gayyata bakin sikeli ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wata asuba da har yau take damuna. Wani yaro, tafiyarsa ta biyu ko ta uku kenan a jirgin, ya yage gefen kwali yana ja masa layi da ƙusa duk lokacin da ƙugiya ta dire kaya. Da aka gama ya matso kusa da ni, hannuwansa duk sun tsattsage saboda gishiri da igiya, ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah nawa ya tashi?" Kafin in buɗe baki wakilin mai saye ya daka masa tsawa, ya ce nan ba wurin yara ba ne, ya je ya wanke jirgi. Sannan ya juyo ya faɗa mini kason ƙanƙarar da zan cire. Na ga akwatunan da idona, na san ƙanƙarar ba ta kai haka ba. Na rubuta. Ina da iyali, kuma na san akwai mutum goma a bakin ƙofa da ke jiran littafin nan. Da jirgin ya sake fita, ba a tafi da yaron ba. Laifinsa ɗaya, ya yi tambaya. Ba na faɗin wannan don in wanke kaina, alhakin da ke kaina yana kaina. Ina faɗa ne don ku ga cewa muddin cin abincin mai awo yana hannun ɗaya daga cikin masu ciniki, wa'azi kaɗai ba zai gyara awon ba.

Kada kuma a ɗauka wannan cuta ce ta ƙananan tashoshi marasa kayan aiki. A Sikotilan, tsakanin 2002 da 2005, an sauke makarel da herin na kimanin fam miliyan 63 ba tare da an bayyana su ba, domin a kauce wa kason da aka ƙayyade. A wata masana'anta da ke Lerwick a tsibiran Shetland, allon da sufetoci ke kallo yana nuna nauyi ƙasa da na gaskiya, ainihin nauyin kuwa yana fitowa a wani allon da aka ɓoye inda ba sa shiga. A Peterhead, bututu aka shimfiɗa ta ƙarƙashin ƙasa, kifi ya riƙa wucewa bai taɓa sikelin da ake dubawa ba. Sufetoci suna nan, sikeli yana nan, takardu suna nan cike da hatimi. Abin da ya tona asirin shi ne da aka ɗauko littattafan kuɗin kamfani aka gwada su da kifin da aka ce an sauke, sai aka ga cinikin ya fi kifin yawa. A 2012 kotu ta ci tarar kyaftin-kyaftin da masana'antun da ke ciki, kuma an zaftare wa ƙasar kasonta na wasu shekaru don a biya abin da aka ɗiba. Masuntan da ba su ci ba ba su sha ba, su ma ragin ya shafe su.

Darasin da na ɗauka daga nan, kuma nake roƙon ku ɗauka, shi ne sikeli shi kaɗai ba ya isa shaida. Abin da ya shiga masana'anta da abin da ya fito dole su yi daidai. An san gwargwadon naman da ake samu daga tan ɗaya na kowane irin kifi. In masana'anta ta rubuta ta sayi tan ɗari, ta kuma fitar da kayan da sai tan ɗari da ashirin za su iya bayarwa, ba ku buƙatar kama kowa da hannu a cikin tukunya.

A Ayalan, cikin Afrilun 2021, Hukumar Tarayyar Turai ta janye amincewar da ta ba ƙasar ta a riƙa ɗaukar kifi daga tasha a auna shi a masana'anta, bayan bincikenta ya gano ana wasa da na'urorin awo ana kuma rage nauyin da ake bayyanawa. Dokar Tarayyar ta asali, wadda aka yi a 2009, cewa ta yi a auna kifi a wurin sauka kafin a adana shi, ko a ɗauke shi, ko a sayar. Aisland kuwa, wadda ake yawan buga misali da ita, duk kifin da aka sauke sai ya hau sikelin tasha, mai awon ma'aikaci ne mai lasisi, kuma lambar tana shiga rumbun bayanan hukumar kamun kifi inda kowa zai iya ganin abin da kowane jirgi ya sauke. Duk da haka ƙofar da ta fi ba su wahala ita ce wannan dai ta ƙanƙara, domin an ba wasu masana'antu izinin sake awo a cikin gidansu bayan an ware ta. Abin da hukumarsu ta yi ya burge ni. Ta riƙa kwatanta kason ƙanƙarar da masana'anta ke rubutawa a ranar da sufeto yake tsaye da wanda take rubutawa a sauran ranaku, tana fitar da sakamakon fili. Ko ku ma za ku iya yin haka da takardun da ke cikin ofisoshinku yanzu, ba sai kun sayi komai ba.

Zan yi wa masu saye da masu jirage adalci, domin suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma masuntan Ayalan sun kawo ta a 2021. Kifi ba ya jira. A cikin ƙanƙara mai narkewa, a digiri 0 na ma'aunin zafi na Selshiyas, yana iya yin kwanaki. Da ya hau 5, saurin lalacewarsa ya ninka biyu har da ɗoriya. A 10 ya ninka huɗu. Irin su tuna da makarel kuma in suka ɗumama suna tara wata guba a cikin namansu wadda dafuwa ba ta kashewa, kuma ido ba ya ganinta. Don haka in kuka ce a juye kowane akwati a dandamali, a ware ƙanƙara, a bar shi a layi yana jiran sikeli guda ɗaya da sufeto guda ɗaya da bai iso ba tukuna, kun gyara awo kun ɓata kifi, kuma asarar a kan yaran nan dai za ta sake sauka. Na ga kifi mai kyau ya faɗi aji a gaban idona saboda jira.

Amma wannan hujja ce ta a yi awo da sauri, an mai da ita hujjar kada a yi shi a fili. Ba sai an juye akwati 500 ba. A ɗauki kaɗan daga kowace sauka, daga kamun farko da na tsakiya da na ƙarshe, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓe su, kada mai saye ya nuna, kada kyaftin ya nuna. A juye su a kan tebur mai rariya a inuwa, a ƙayyade minti nawa ruwa zai tsane, a auna, a mayar da su cikin sabuwar ƙanƙara nan take. Kason da ya fito shi ne na wannan saukar, a rubuta shi a gaban kowa. Aikin bai kai rabin sa'a ba in akwai tebur da mutum biyu. Kifin da ake zuƙowa da famfo kuwa, Tarayyar Turai ta yanke cewa abin da za a cire saboda ruwa kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Ana iya gardama ko 2 ce daidai, amma lamba ce da kowa ya sani tun kafin jirgi ya bar tasha, ba wadda ake ƙirƙira da asuba ba. Sauran maganin jira kuwa a hannunku yake: rumfa a kan dandamali, sikeli fiye da ɗaya, da ma'aikata a lokacin da jirage ke shigowa. Tashar da kifinta ke sauka ƙarfe huɗu na asuba, jami'anta kuma su zo ƙarfe tara, ba ta da jami'ai.

Kuma ba za ku ce ba ku san lokacin ba. A ƙa'idar Tarayyar Turai, manyan jirage a kamun da ake sa wa ido suna sanar da isowarsu sa'a huɗu kafin su shigo, tare da ƙiyasin abin da ke ciki, kuma ƙiyasin da kyaftin ya rubuta a littafin jirgi ba a yarda ya kauce wa abin da sikeli ya nuna da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Ko tashar da ba ta ƙarƙashin wannan dokar za ta iya neman irin wannan sanarwa ta rediyo ko waya. Ƙiyasin kyaftin shaida ce ta biyu. In jirgi kullum ƙiyasinsa yana sama da awon tasha da kashi 8 ko 9, kullum a gefe ɗaya, ruwa ba ya tsami banza.

Shi kansa sikelin, injin ne da ke zaune cikin ruwan gishiri, motar ɗaga kaya na bugunsa, ana watsa masa ruwa kullum. Tun 1955 akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke tsara ƙa'idojin ma'aunan ciniki, kuma ƙasashe da yawa suna da jami'an da ke gwada sikeli su sa masa hatimi. Sai dai takardar shekara guda da ke manne a bango ba ta gaya wa kowa halin da sikelin yake ciki yau. A ajiye ƙarfen gwaji mai hatimi, wanda aka san nauyinsa, a gefensa, a ɗora shi kowace safiya kafin akwatin farko, a rubuta. Allon lamba ya zama babba, ya fuskanci jirgi, yadda wanda ke tsaye a kan jirgin zai karanta. Sikelin ya buga takarda da kansa, mai ɗauke da lokaci da nauyin akwatin da aka cire, kuma kwafi ɗaya ya tafi hannun wanda yaran jirgi suka zaɓa a tsakaninsu. Haka nan lambar da ake ninkawa don a mayar da kifin da aka feɗe a teku zuwa nauyinsa na mai rai, kamar 1.17 da Tarayyar Turai ke amfani da ita ga kifin kod da aka cire wa hanji, a rubuta ta a bango tare da iyakokin aji-aji. Abin da aka manna a bango wuya ne a canja shi da raɗa.

Mai awo kuma ya zama naku. Ku ɗauke shi, ku biya shi, ku riƙa sauya masa wuri, kuma ku buɗe masa ƙofar da zai kawo ƙara ba tare da sunansa ya isa kunnen wanda ya kai ƙara ba. Da ina da irin wannan ƙofar a waccan asubar, ina zaton da na amsa wa yaron nan tambayarsa.

Na san wasunku za su ga kamar ina girmama ƙaramin abu. To ku dubi inda duniya ta sa ƙarfinta. Ana kama kimanin tan miliyan 90 na kifi a shekara a teku da koguna, kuma ƙiyasin da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke yawan ambatawa shi ne tsakanin tan miliyan 11 da 26 ana kama su ne ta haramtacciyar hanya ko ba tare da an bayyana ba. Rahotonta na 2024 ya nuna kashi 37.7 cikin ɗari na garkunan kifin teku da ake bibiya ana ɗibarsu fiye da yadda suke iya mayarwa. Bin jirage a tsakiyar teku yana cin kuɗi, tekun kuma ya fi ƙarfin kowane jirgin sintiri. Amma kowane kifi dole ya taka ƙasa a wani wuri. Shi ya sa aka ƙulla yarjejeniyar matakan tashoshin jiragen ruwa a 2009, ta fara aiki a 2016, don a tare jiragen ƙetare masu kamun sata a ƙofar tasha. Wato nauyin da duniya ta kasa ɗauka a teku, ku ta ɗora wa. In sufeto ya duba lasisi ya duba littafin jirgi ya sa hannu, sikelin da ke bayansa kuma yana ƙarya, takarda kawai aka tsare.

Mutanen Newfoundland a Kanada sun ga ƙarshen irin wannan hanyar. Shekaru ana ƙiyasta kifin kod ɗinsu sama da yadda yake, ana ƙayyade kaso a kan ƙiyasin, ga kifin da ake zubarwa a teku da wanda ba a bayyanawa. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa aiki, kuma rufewar da aka ce ta shekara biyu ce ta haura shekara talatin. Masu saye su ma, da yawa masana'antunsu a rufe suka ƙare.

Saura magana ɗaya, ta mutanen da ke sauka cikin rumbun jirgi. Kifin da ya fara ruɓewa a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma in ta yi yawa hanci yana daina jin ta. Mutum ya sauka ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, shi ma ya faɗi. An yi asarar rayuka haka a tashoshi da yawa a duniya, kuma na'urar da ke gano iskar ba ta fi tafin hannu girma ba. Kada a bar kowa ya sauka sai an zura ta, an kunna fanka, an tsayar da mutum a sama. Kada ƙugiya ta wuce da kaya ta kan kawunan mutane don ana sauri. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin kamun kifi, ta 2007, ta ce jirgin da ke wuce kwana uku a teku ma'aikatansa su sami hutun aƙalla sa'a 10 cikin kowace 24, da sa'a 77 cikin kwana bakwai. Amma abin da na saba gani shi ne yaran da suka kwana suna jan ragar ƙarshe, su ne ake sa su sauke jirgin da asuba don a tsimi kuɗin 'yan dako. Wanda ya kwana biyu bai runtsa ba shi ne ƙafarsa ke zamewa a bakin rumbu. Shi ne kuma ba shi da sauran ƙarfin da zai tsaya ya ga abin da sikeli ya ce, kuma ina da yaƙinin wasu sun san haka sarai.

Ranku ya daɗe, ba kwamiti nake roƙo ba. Gani ya kori ji. Ku zaɓi rana ɗaya a watan nan, kada ku aiko da sanarwa, ku iso tasha ƙarfe huɗu na asuba da ƙarfen gwaji na kilo 20 a motarku. Ku ɗora shi a sikeli kafin a taɓa komai. Ku ɗauki akwati ɗaya marar komai ku auna, ku gwada da lambar da ake cirewa. Sannan ku sa a yi ƙuri'a a fitar da akwati biyar daga jirgin farko, a juye su a gabanku, ku tambayi mai awo kason ƙanƙarar da ya rubuta wa jirgin nan a saukarsa ta baya. Kafin a rubuta lambar, ku aika a kira ƙaramin yaron da ke cikin jirgin, ya zo ya tsaya kusa da ku ya karanta ta da bakinsa.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ɗan dako kuma mai rubuta awo a bakin tasha